Buji a Cikin Garwashi

"Kar ka bari ta mutu, Shekara! Don Allah taka mata mai!"

"Ina takawa, matar yaya! Ƙafata har ta ƙage. Ita ce ta ƙi."

Ƴar motar ta yi tari, ta girgiza kamar mai zazzaɓi, sannan ta tsaya cik a tsakiyar rairayi. Gero ya rufe hanya dama da hagu, ya fi mutum tsawo. Tun da suka baro gonarsu ta bayan Dungu ba su haɗu da ko amalanke ba, kuma Matameye, inda asibiti yake, na can gaba, ko hasumiyar masallacinta ba a hangowa.

Hanifa na kujerar baya, kan mijinta Suhaibu a kan cinyarta. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu yana cire ciyawa a gindin wake. Ta ɗaure masa ƙauri da ɗankwalinta, amma kumburin ya tsallake ɗaurin, ƙafar ta yi sheƙi kamar za ta fashe. Ɗazu yana magana, har yana tsokanar ƙaninsa Shekara cewa tuƙin ɗan kabu-kabu yake yi masa da mota. Yanzu ya yi shiru. Da ta goge masa baki da bakin zaninta, sai ta ga ja.

Ta ɗaga waya sama, ta juya ta gabas da yamma. Babu rezo.

Shekara ya buɗe murfin inji, ya ɗauko ƙarfen kwancewa, ya ciro buji ɗaya, wato fulogi, yana hura yatsunsa. Ya leƙo da shi ta taga. Kan bujin baƙi ƙirin ne, jiƙe sharkaf, yana warin mai.

"Man kwalbar nan da muka saya da safe ne. Ya shaƙe su duka, ba sa ba da wuta." Ya share gumi, fuskarsa ta ɗan saki. "Amma Allah ya taimake mu. Ranar kasuwa na saya wa yaya sababbi huɗu, suna nan cikin aljihun mota. Yanzu-yanzu in ɗaura su mu wuce."

Ya yage kwalin. Sababbin suka yi ƙyalli a rana, farare tas. Zuciyar Hanifa ta yi tsalle don murna, har sai da idonta ya sauka a kan tafin hannunsa, inda sabo da tsoho suke kwance gefe da gefe.

"Tsaya. Miƙo min su."

"Matar yaya, ba lokacin kallon kaya ba ne."

"Na ce miƙo!"

Ta jera su a tafin hannunta. Wuyan sabon, inda ake murɗawa cikin inji, ya ɗara na tsohon da kusan gaɓar yatsa.

Wannan tsawon ta san shi. A watan farko na aurensu ta fito tsakar gida ta tarar da Suhaibu ya sauke mata buta daga ɗan murhun shayi, ya cusa wasu ƙarafa huɗu cikin garwashi yana fifita su. Ta yi fushi ranar, ta ce shayinta zai yi warin gareji, ta ce ya je ya sayi sababbi mana kamar kowa. Ya yi dariya ya jawo ta kusa, ya ce wuta kawai ke cinye baƙin da ya shaƙe su. Ya ce irin na motarsa gajere ne, ba kullum ake samunsa ba. Wani abokinsa ya taɓa saka dogo, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin inji ya doke shi, motar ba ta sake tashi ba sai da aka buɗe cikinta. Ita kuwa ba ta ma saurara sosai ba, hannunsa take kallo.

"Waɗannan dogaye ne," in ji ta. "Yayanka ya gan su?"

"Ban nuna masa ba tukuna. Mai kayan ya ce buji duk buji ne, in dai ya murɗu."

"A babur ɗinka wataƙila."

"To me kike so? Mu zauna muna awo yana mutuwa?" Ya juya mata baya.

Hanifa ta san murhun shayin na bayan mota tare da ragowar gawayi, don ita ta saka su. Amma sai an hura wuta, sai ƙarafan sun yi ja, sai sun huce. Duk wannan lokacin dafin ba zai zauna yana jiransu ba. Sababbin kuwa ɗaurawa kawai za a yi. Wataƙila su yi daidai. Wataƙila kuma a murɗa makulli a ji ƙara ɗaya, shi ke nan, su kwana a nan da gawa.

Ta sunkuya ta kama fuskar mijinta da hannu biyu. Goshinsa sanyi, leɓɓansa sun bushe.

"Malam. Malam, buɗe ido."

Bai motsa ba. Numfashinsa ƙarami, kamar na ɗan tsako.

Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko su biyu a ɗaki. Sau nawa ya roƙe ta cikin wasa, tana rufe fuska da mayafi. Ta kai bakinta kunnensa, hawaye na ɗiga a gemunsa.

"Suhaibu. Suhaibu, ni ce. Kar ka tafi ka bar ni da wannan."

Shekara ya sunkuyar da kai kamar ya ga abin da bai kamata ya gani ba.

Fatar idon Suhaibu ta yi rawa, ta buɗe kaɗan. Hanifa ta ɗaga sabon bujin a gabansa, ta ɗaga tsohon. Ya dube su, ko kuma ya dubi bayansu, ba ta iya ganewa ba. Leɓɓansa suka motsa ba sauti. Wani siririn jini ya gangaro daga gefen bakinsa, idon ya sake rufewa.

"Me ya ce?" Shekara ya tambaya. "Matar yaya, me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

Iska ta ratsa gero, ganye na shafar juna. Can nesa wata kurciya na kuka. Shekara na tsaye da sabon buji a hannu ɗaya, ƙarfen kwancewa a ɗayan, yana jiranta, shi da bai taɓa jiran maganarta ba sai don ya mayar mata da ba'a.

Hanifa ta cire mayafinta ta naɗe, ta zame cinyarta a hankali ta ɗora kan mijinta a kai. Ta fito daga motar. Rairayin ya ƙona mata tafin ƙafa, sai lokacin ta lura ta baro takalmanta a gona. Ta buɗe bayan mota, ta jawo murhun, ta juye gawayin ciki.

"In ya mutu muna hura wuta fa?" in ji Shekara, murya ƙasa-ƙasa.

"Alhakin a kaina." Ta karɓe sabon bujin daga hannunsa ta jefa cikin mota. "Kwance sauran ukun, ka zubo min mai kaɗan a gawayin nan. Nasa za mu ƙona, nasa za mu mayar. Dogon nan ba zai shiga motar mijina ba."