Iskar Bayan La'asar

Ƙaiƙayi ya zubo a kan ƙafafun Goggo A'i, bai gusa ko taki ɗaya ba. Ta sauke ƙwarya, ta ce wa matan da ke shiƙar gero tare da ita a bayan kasuwar Muda Lawal su zauna, iska ta kwanta.

A nan Madina, 'yar ƙanenta, ta same ta. Shekara uku yarinyar nan tana bincike a jami'a, can Yelwa, a kan wata doguwar farfela da suka kafa bisa tudu. Iska ta juya farfela, farfela ta ba da wuta, a haɗa wutar da layin gari. Haɗin nan shi ne aikin, don layi ba ya son baƙon da zai tafi ba sallama. In iska ta ɗauke farat ɗaya, sai na'ura ta katse. Gobe manyan kamfanin wuta za su zo gwaji na awa guda cur. In ta katse a gabansu, kwance farfelar za a yi, wahalar shekara uku ta bi ruwa.

"Goggo, addu'a na zo nema. Gobe ne, ƙarfe ɗaya."

"Ɗaya na rana? Wa ya zaɓa miki?"

"Kwamfuta."

"Ita kwamfutar ta taɓa shiƙa?"

Matan suka yi dariya. Goggo A'i ba ta yi ba.

"Dubi ƙafata. A bazara irin wannan, da an kira azahar iska ta tafi ke nan, sai an sallame la'asar. Shekara talatin da ita nake cin abinci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Sai Madina ta tuna. Bara war haka tsawa ta ƙona musu ma'aunin iska, aka yi mako shida ba awo, suka bar kwamfuta ta cike gurbin da lissafin wasu watanni.

Ta hau keke ta koma Yelwa, ta faɗa wa Injiniya Elias, abokin aikinta.

"Madina, ba a fafe gora ranar tafiya. Me zan ce wa mutanen nan? Mai shiƙa ta hana?"

"Ka ce an sake duba awo."

Ya yi tsaki, amma ya buga wa mutanen kamfanin waya. Da ƙyar suka yarda da ƙarfe huɗu.

Washegari, ƙarfe ɗaya ta yi, farfela na tsaye ƙiƙam kamar an ɗaure ta. Elias ya ɗaga kai ya dubi farfelar, ya share gumi.

Baƙi suka iso a kan lokaci, su uku, suna duban agogo. Goggo A'i ma ta zo, ba wanda ya gayyace ta, da ƙaiƙayi ƙulle a gefen zane. Can sai ganyen darbejiya ya motsa, farfela ta fara juyi. Elias ya kai hannu ga makunni.

"Ɗan nan, cire hannunka," in ji Goggo. "Wannan 'yar aike ce. Uwar tana tafe."

Babban baƙon ya haɗe rai. Madina ta dubi Elias ta girgiza kai, ya janye hannu. Ba a jima ba farfela ta yi laƙwas, ta tsaya cak. Da an kunna, da na'ura ta katse.

Goggo ta saki ƙaiƙayi, ya faɗi a gabanta. Ta jira. Ta sake saki, ya kwashi hanya ya nufi takalman baƙi.

"To, bismilla."

Madina ta kunna da kanta. Awa guda allurar na'ura ba ta karkace ba. Da babban baƙon ya sa hannu a takarda, sai Madina ta zauna a ƙasa. Alhamdulillahi kawai take maimaitawa.

Elias ya rusuna. "Mama, a rahoto wane suna za mu rubuta miki?"

Goggo A'i ba ta ko dube shi ba. Farfelar take kallo, tana kakkaɓe gefen zane.

"Duk wannan iska," ta ce, "ba ko tiya ɗaya ta gero a gindinta."