Hannun da Mai Kwalabe Bai Sa Ba

"Umma, in Mai Kwalabe ya mutu, za ki daina tafasa mana ruwa?"

Yarinyar ta yi tambayar ne a ƙofar ɗakin tsohon, a gaban mai gidan hayarsu da ke tsaye da takarda a hannu. Uwar ta finciko ta, ta tura ta bayanta. Mai gidan ya dube ta sama da ƙasa.

"Au, tafasawa kike? Ruwan nawa?"

"Shirmen yara ne, ranka ya daɗe."

Ruwan nan kuwa shi ne cinta da suturarta. A bayan gidan mutumin yake da ɗan kamfanin ruwan leda, ita ke zama gaban injin liƙe leda tun safe har la'asar. Mai Kwalabe kuma tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, ya yi ritaya da tari da baƙin hali, ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya yi mata gyara. Wata uku da suka wuce ya ɗebi ruwan rijiyar kamfanin a kwalabe ya kai wa tsofaffin abokan aikinsa, aka gano ruwan masai na tsiyaya ciki. Bai shawarci kowa ba ya rubuta wa jami'an lafiya. Daga ranar gidan ya juya masa baya. Mata suka daina aika masa abinci, yara na jifan tagarsa. Ita ma ta tsane shi har zuci, don in aka rufe kamfanin ita da 'yarta sai dai su ci iska. Amma daga ranar take tafasa ruwansu a ɓoye.

Mai gidan ya kutsa ɗakin ya tsaya kan tsohon.

"Dattijo, layi biyu ne kawai. Ka sa hannu cewa kuskure ka yi. Jibi jami'an za su zo."

"Kai ka yi kuskure, da ka haƙa masai taku goma daga rijiya."

"Dubi ruwan nan fa, garau da shi." Ya ɗaga leda ɗaya saitin taga.

Tsohon ya yi tari har sai da gadon ƙarfen ya girgiza. "Wanda ya zana maka dutse da ƙorama a jikin ledar nan ya iya hannu. Shi ya yi ƙarya da fenti, kai ka yi da baki a kasuwa, ni kuma kake so in yi da biro. Tafi ka nemi na ukunku."

Mai gidan ya fita ya bugo ƙofa. Uwar yarinyar ce ta rage, don ba wanda zai shigo. Ta haɗa shayi ta dangwarar masa a kan kujera, ta ga hannunsa na rawa, dole ta ɗauka ta kai masa baki.

"Baba, ko kaɗan ba ka tausayin mutane? Mu bakwai ke ci a wurin nan."

"Kina ba 'yarki ruwan?"

Ta sake tura masa kofin a baki.

"To 'ya'yan wasu fa? Leda nawa kike liƙewa a yini?"

"Da na sani na bar ka da ƙishirwarka."

"Ƙara sukari," in ji shi.

Kafin rana ta yi sanyi ya cika, tana riƙe da kofin.

Jami'an sun zo ana cikin zaman makoki a tsakar gida. Mai gidan ya tarbe su da fuskar jimami, ya miƙa wa shugabarsu takarda. "Allah ya jiƙan dattijo, ya gyara kuskurensa kafin ya tafi. Ga sa hannunsa nan. Ga ma shaida, ita ce a kansa."

Jami'ar ta juyo. "Baiwar Allah, a gabanki ya sa hannu?"

Duk gidan ya zuba mata ido. Matar ɗaki na biyu, abokiyar aikinta, ta mintsine ta a cinya. A gefen tabarma jaririn wata baƙuwa na tsotsar ledar ruwan da aka raba wa masu ta'aziyya, yana zubo masa a wuya.

"Bai sa ba," ta ce. "Hannun da ko kofi ba ya riƙewa." Ta miƙa hannu ta zare ledar daga bakin jaririn.

"Butulu," in ji matar ɗaki na biyu. "Sai ki ba mu abincin da za mu ci."

Da yamma kwaɗo na rataye a ƙofar kamfanin, ita kuma an ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. Ba ta yafe wa tsohon ba, kuma ba ta jin za ta yafe masa nan kusa. Ta fito da buhuna ta fara ninke kayan yarinyar a bakin ƙofa, masu wucewa na tsallake ƙafarta ba sannu.

Kai kuma mai karatu, in ka gamu da su a hanya, ka ga yarinyar na lasar leɓe don ƙishi, kada ka miƙa mata ruwan da ba ka san rijiyarsa ba. Uwarta na kallon hannunka.