Hannun Mama Fumiko

Suwaiba ta jingina wayar da kwalbar magani, ta gyara wa Mama Fumiko filo. Wata takwas ke nan tana jinyar tsohuwar a gidanta na unguwar Sedgefield da ke birnin Greensboro, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kashe mata hannun hagu. Likita ya hana ta hawa jirgi, shi ya sa yau ɗan ƙanenta, Kenji, zai zaga da ita ta waya a tsohon wurin bautar Shinto na ƙauyensu a Japan. Rabonta da wurin shekara arba'in.

A Greensboro rana ta yi sanyi, can kuwa gari bai daɗe da wayewa ba. A fuskar wayar, wata jar ƙofar katako ta bayyana tsakanin dogayen itatuwa.

"Bi ta gefe, Kenji," in ji tsohuwar. "Tsakiyar hanya ba ta mutane ba ce."

Da ya tsaya a kwamin dutse yana ɗibar ruwa da ludayin gora, sai tsohuwar ta dubi Suwaiba. Suwaiba ta kawo ruwa da roba, ta zuba mata a hannun hagu, ta zuba a na dama, ta ba ta ta kurkure baki.

"Kamar alwalarmu," Suwaiba ta ce.

"Na sha ganin kina yi."

Kenji ya hau matakala, ya girgiza wata igiya mai kauri, ƙararrawa ta kaɗa. Mama Fumiko ta sunkuyar da kai sau biyu. Saura tafa hannu sau biyu. Ta ɗaga hannun dama, na hagu yana kwance kan bargo. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ki tafa mini, 'yata."

Suwaiba ta yi wa matar nan wanka, ta kwashe kashinta, ba ta taɓa ce mata a'a ba.

"Mama, ki gafarce ni. Wannan kam addinina bai ba ni ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta fara sauke hannu. A wayar, Kenji yana tsaye yana jira.

Suwaiba ta matso. Ta tallafi hannun da ya mutu, ta ɗaga shi daidai ƙirjin tsohuwar, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Ga hannunki. Ni riƙewa kawai zan yi."

Tafin farko bai yi ƙara ba.

"Riƙe da kyau," in ji Mama Fumiko.

Na biyun, har Kenji ya ji.