Matashin Lubbert

Ranar Lahadi ta biyu a watan Nuwamba aka fara rigimar, ana yayyafi da iskar teku mai ratsa ƙashi. Lubbert, tsohon masunci mai fama da basir, ya shigo coci da matashi a hammata, ya ɗora a benci ya zauna. Wa'azin Fasto Verhage awa biyu ne, bencin kuwa katako ne zalla.

Da aka tashi, Hessel, babban dattijon ikilisiya, ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce gidan Ubangiji ba ɗakin barci ba ne.

Lubbert ya ce, "Ɗan'uwa Hessel, buɗe Markus sura ta huɗu. Yesu ma a kan matashi ya yi barci cikin jirgi."

"Da Helenanci ka karanta, ko mazaunanka ne suka fassara maka?"

Shi ma Hessel bai iya Helenanci ba, wato harshen da aka fara rubuta Markus da shi, amma surukinsa ya yi shekara guda a makarantar tauhidi kafin a sallame shi. Surukin ya ce kalmar *proskefalayon* ce, sau ɗaya tak ta zo a Sabon Alkawari, kuma buhun yashi take nufi, irin wanda ake danne jirgi da shi. Gari ya rabu biyu, 'yan matashi da 'yan yashi. Har a wurin gyaran komar kamun kifi ba sa gaisawa.

Fasto ya rubuta wa wani shehin malami a birni. Bayan wata uku amsa ta iso, shafi goma sha ɗaya: wataƙila matashi ne, wataƙila mazaunin fata na mai tuƙi, wataƙila buhun. Abu ɗaya ne tabbas, asalin kalmar "abin ɗora kai".

Dattawa suka yanke hukunci: matashi ya halatta a coci, amma a ƙarƙashin kai kawai.

Lubbert bai yi musu ba. Lahadi ta gaba ya miƙe a benci, wurin mutum biyar, ya tada kai da matashinsa. Shekara shida bai ji daɗin wa'azi kamar ranar ba. Kafin a kai addu'ar ƙarshe, wasu huɗu sun kwanta.

Aka kore su duka. 'Yan matashi suka bi su, suka kafa sabuwar ikilisiya a rumfar kifi, inda babu abin zama sai akwatunan katako masu ƙusa. Lubbert a tsaye yake sujada yanzu.

Coci ta rasa gida goma sha huɗu, da mai kaɗa molo, da dattawa biyu. An fasa baiko ɗaya. Matashin kuma yana akwatin dattawa a matsayin shaida, ba a mayar ba.