Daɓen Da Ya Ƙi Riƙe Ta

"Ta sake zurmawa," in ji Baban Kwamfuta, ya bugi gwiwarsa. "Karo na tara ke nan tun safe."

Mai ɗinki, maƙwabciyarsa, na tsaye a bayansa, riƙe da wandonsa da ta rage wa ƙugu. Ragi na uku ke nan cikin wata biyu. A fuskar kwamfutar akwai ɗaki mai taga da kujeru biyu, da wata 'yar tsohuwa mai shuɗin ɗankwali. Da ya danna maɓalli sai tsohuwar ta yi taku ɗaya, daɓen ya haɗiye ta, ta yi ta faɗuwa cikin duhu.

"Haba Baba, wannan ai mugunta ce. Matarka ce fa."

"Ba ni ba ne, injin haɗa wasan ne. A wanda na sani da, in ka zana daɓe, to daɓe ne. Wannan sabon kuwa sai ka zana, ka koma ka gaya masa abin yana da tauri. Na gaya masa, ya ƙi ji."

Da ƙuruciyarsa haɗa wasannin kwamfuta ne sana'arsa. Matarsa ta kwanta ciwo, ya ajiye komai, ya yi shekara goma sha shida tsakanin jinya da gyaran firinta. Bayan ta rasu ya waiwayo, ya tarar injin haɗa wasan da ya iya an daɗe da binne shi. Sai ya zauna koyon sabo kamar ɗan aji ɗaya, tabarau a kan hanci, yana kwafar darasi a littafi. Ba ya neman mai saye. So yake kawai ya ga tsohuwar nan ta taka daga ƙofa zuwa kujera ta zauna, abin da matarsa ta kasa yi a shekarunta na ƙarshe.

Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na mai ɗinki. Ita ma ita kaɗai ce, 'ya'ya sun watse, sai waya ran da suka tuna. Tana jin tarinsa, yana jin kekenta, kuma kullum sai sun yi faɗa a kai.

"Kekenki ya hana ni tunani."

"Tarinka ma ya hana ni zura zare, ban kai ƙara ba."

Ran Litinin da hantsi ya ƙwanƙwasa bangon. "Maƙwabciya, yau ki yi ɗinki sosai, kada ki tsaya."

Ta ɗauka tsokana ce, ta taka keken da gayya har ƙafarta ta gaji. Ran Laraba ta zauna da safe tana jiran tarin, bai zo ba. Ta kira mai gadi suka tura ƙofa. Yana kan kujerarsa, tabarau a cinya, shayin jiya ya huce a gefe. Rai ya yi halinsa.

Shirun bangon ya fi komai yi mata ciwo. Sai ta riƙa tsayar da keke tana saurare, ta tuna, ta ci gaba.

Bayan kwana biyar 'yarsa ta zo kwashe kaya. Ta cika kwalaye, ta miƙa hannu za ta zare wayar kwamfutar, sai ta ga mai ɗinki a bakin ƙofa.

"Anti, ko akwai wani abu naki a nan?"

"Babu. Amma bari in danna abu ɗaya tukuna."

Mai ɗinki ta matso gaban kwamfutar. In tsohuwar ta zurma, to haka ya tafi ya bar ta, kuma babu mai tare ta har abada. Ta sa yatsa inda ta saba ganin nasa.

Tsohuwar ta yi taku ɗaya. Daɓen ya riƙe. Ta yi na biyu, na uku, tana ɗan ɗingishi, har ta isa kujera ta zauna. Sai wani sauti ya taso a hankali daga bayan bangon ɗakin wasan: keken ɗinki, har da ƙugin nan da fedarsa ke yi duk zagaye na huɗu. Ashe ɗinkinta na ran Litinin ya naɗa.

'Yar ta waiga wajen bango. "Wa kika bari yana ɗinki a ɗakinki?"

Mai ɗinki ta zauna a kan kwali, hannuwanta a cinya. Tsohuwar na zaune kusa da kujerar da babu kowa, keken kuma bai tsaya ba.