Ba a Sa Peio a Wasan Gida Ba

Ranar Alhamis aka manna sunayen 'yan wasa a ƙofar ɗakin canza kaya. Peio Harismendi ya karanta daga sama har ƙasa, ya sake hawowa. Babu sunansa, babu na manyan ƙungiyar su tara. Koci ya cika takarda da 'yan benci, alhali wasan Asabar a gida ne, kuma da Urtsua, maƙwabtan da ke tsallaken kogi.

A garin Larrondo kowa ya san yadda ake ragbi, wasan ƙwallon nan na runguma da ture-ture. Ka je waje a lallasa ka da maki arba'in, ka dawo, ko mai burodi ba zai ɗaga kai ba. Amma ba a cin mutum a gidansa. Shekara uku ke nan babu baƙon da ya fita daga filin nan da dariya, kuma duk tsawon lokacin Peio ne a sahun gaba na turereniya, har kunnuwansa suka murƙushe. Shekararsa talatin da bakwai. Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe da zai taka filin kafin ya yi ritaya.

Ya banka ƙofar ofis. Koci Garland, mutumin New Zealand da aka ɗauko bana, yana ta latse-latsen kwamfuta.

"Koci, laifin me muka yi?"

"Zauna, Peio. Ko mun ci ko an ci mu, na huɗu muke a lig. Mako mai zuwa akwai wasan kusa da na ƙarshe na kofi a Ingila. Can nake buƙatar wuyanka."

"Wa ya tambaye ka na nawa muke? Urtsua ce fa! A gida!"

"Fili ai fili ne. Ciyawa ce da sanduna."

Ran Peio ya ɓaci. "Ciyawa? Wata tara kana cin cukunmu, har yau ba ka san inda kake ba. Ka sa ni minti ashirin kawai."

"Na gama magana."

Ranar Asabar Peio ya zauna cikin 'yan kallo sanye da kwat ɗin ƙungiya, kamar wanda ya zo biki. Turereniyar farko aka tura 'yan benci baya taku biyar. Ta biyu suka zube. 'Yan Urtsua kuwa, da suka shekara goma sha ɗaya suna jiran wannan rana, ba su tausaya ba. Urtsua talatin da ɗaya, Larrondo tara aka tashi. Suka kafa da'ira a tsakiyar fili suna rawa da waƙa, mutanen Larrondo suka fice shiru, ko ihun zagi babu. Wannan shirun ya fi komai ci wa Peio rai.

A wasan Ingila Peio ya sauke fushinsa a kan abokin karawarsa, wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Suka ci da maki biyu. Garland ya rungume shi yana cewa, "Ka gani?" Peio ya zame jikinsa.

Lahadi ya je cin abincin rana wurin mahaifinsa, tsoho Manex, wanda shi ma ya yi shekara goma sha huɗu a sahun gaba. Tsohon ya zuba miya bai dube shi ba.

"An ce kun ci a Ingila."

"Mun ci, Baba. Saura wasa ɗaya kofi ya zo."

"Ya zo ina? Filin da 'yan Urtsua suka yi rawa?"

"Ba ni na zaɓi 'yan wasa ba. Na je na same shi, na..."

"Kana zaune cikin kwat," in ji tsohon. "Layi biyu ne tsakaninmu. Na gan ka."

Peio ya ajiye cokali, bai sake ɗauka ba.