Sunan Karen Ruwa a Bakin Pauline

Wata bakwai Selina, ma'aikaciyar jinya daga Jos, ta yi tana kula da wata tsohuwa mai suna Pauline a garin Woodbridge can ƙasar waje, a wani gida mai kallon kogi. Tsohuwar 'yar ƙasar Cek ce, malamar harsuna a da, amma shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata Turanci kaf, ta bar ta da harshen ƙuruciya wanda babu mai ji a unguwar. Ita ma Selina ba ta da kowa a kusa. Mijinta yana gida yana jiran biza. Haka suke wuni su biyu, shiru.

Kalma ɗaya Selina ta koya, voda, wato ruwa. Don haka ranar da tsohuwar ta hau nuna taga tana cewa "Vydra, vydra," sai ta kawo mata kofin ruwa. Pauline ta ture shi da fushi. Sai da Selina ta leƙa sannan ta hango wata dabba mai sulɓin jiki tana nutso tana tasowa kusa da gaɓa.

Pauline ta sa aka sauko mata da wani littafin Turanci da ita kanta ta rubuta, ta dinga buɗawa da hannun hagu har ta sami wurin. Selina ta karanta cewa Rashawa da Polawa ma kusan haka suke kiran dabbar, kuma sunan ya fito ne daga tsohuwar kalmar ruwa, ma'anarsa "na ruwa".

"Mama, mu karen ruwa muke ce masa," in ji Selina. Sai a lokacin ta tuna rabonta da furta Hausa a gaban mutum tun Kirsimeti.

Ta yi haushi irin na kare, ta nuna kofin. Tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta yi ta gwada faɗi, harshen yana sarƙe mata.

Bayan sati uku Raymond, ɗan Pauline, ya zo daga Ohio, ya ce ya samo mata gidan tsofaffi kusa da shi. Ya yi wa Selina godiya ƙwarai. Ita ta ninke kayan, ita ta ɗaura wa tsohuwar bel a mota. Pauline ta riƙe mata hannu ta yi magana mai tsawo. Selina ta tambayi Raymond me ta ce, ya sunkuyar da kai ya ce bai taɓa koyon harshen ba.

Ranar Litinin aka tura Selina aiki wani gida a Sterling.